Kuloci da Famfon Ruwan Babur: Abin da Za Ka Saya Kafin Ka Kwance Inji a Gida

Duk mai cin abinci da babur a Damagaram ya san ranar da kuloci ya fara zamewa. Ka murɗa totur, inji ya yi ta kuka, babur kuwa bai ƙara gudu ba, musamman idan ka ɗauko mutum da buhunsa ka shiga yashi. Kafin ka nufi kasuwar Dole da kuɗi a aljihu, fara duba wayar kuloci. Hannun kuloci yana son ɗan sako-sako, kamar milimita 10 zuwa 20 a bakinsa. Idan wayar ta yi tsauri, farantan ba sa haɗuwa sosai, kuma wannan gyara ne na sifana kawai, ba ka kashe ko dala ba.

Idan wayar lafiya take, to sai a buɗe. Kulocin yawancin baburanmu a cikin baƙin mai yake aiki: farantai masu fata, farantan ƙarfe a tsakaninsu, sifirin da ke matse su, da kwandon da ke riƙe da su duka. Zaɓin farko shi ne ka sayi masu fata kaɗai ko ka ɗauki saitin gaba ɗaya. Ni dai ba na yanke hukunci sai na ga na ƙarfen da idona. Ɗora kowanne a kan gilashi mai shafe, ka danna gefensa. Idan ya yi rawa ya lanƙwashe ke nan, idan kuma ya yi shuɗi-shuɗi ya sha zafi ya ƙone. Irin wannan ko ka sa masa sabuwar fata ta kamfani, cinye ta zai yi. Amma idan sumul suke, kwandon ma haƙoransa ba su ci ba, masu fata da sifirin sun wadatar. Sifirin ba shi da tsada, kuma a canza shi duka tare, kada a haɗa tsoho da sabo.

Sai batun iri. Akwai na kamfanin babur ɗin kansa, ko Haojue ne ko Bajaj ko TVS, akwai na wasu kamfanoni masu suna a kwali, akwai kuma wanda ake zuba maka a leda ba suna ba lamba. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne, ya taɓa ɗaukar na ledar saboda araha. Ba a daɗe ba ya dawo yana turo babur. Da muka zubar da mai, baƙi ƙirin yake, da ɓurɓushin fata a ciki kamar dusa, rariyar mai ta toshe rabi. Sai da muka sake sayen farantai, da gasket, da mai. Araha ba ta ado. Ga mai haya da ke matsa kuloci tun safe har dare, na kamfani ko na tsakiya mai suna nake ba shi shawara. Na hannu kuwa, kwando ko murfi za ka iya saya, amma fata da wani ya riga ya ci, a'a.

Kwali ma ana kwaikwayonsa, don haka tafi da tsohon farantin. Ka ce wa mai shago, “Alhaji, ƙirga mini haƙoran nan, mu gwada su baki da baki.” Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan.

Man da za ka zuba ya kai farantan muhimmanci. Nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin robarsa. Wasu mayukan mota suna da sinadarin rage gogayya, shi kuma kuloci da gogayya yake aiki, sai sabon faranti ya riƙa zamewa ka zaci an cuce ka. Ka jiƙa sababbin farantan a cikin man na 'yan sa'o'i kafin ka ɗaura.

Famfon ruwa bai shafi kowa ba, tunda yawancin baburan garin nan iska ce ke sanyaya su. Masu lagireto ne abin ya shafa, wato manyan babura da wasu masu ƙafa uku na dakon kaya. A ƙarƙashin famfon akwai wani ɗan rami da aka bari da gangan. Idan ruwa na ɗiga ta nan, sil ɗin ruwa, wato abin da ke hana shi yoyo, ya mutu, idan mai ne, sil ɗin mai. Kada ka toshe ramin da gam, ruwan zai koma cikin inji ne, mai ya zama fari-fari kamar shayi da madara.

Sil kaɗai ya fi araha, kuma ya isa idan sandar famfon ba ta da kwarzane, boris ba ya motsi, fankar da ke tura ruwan ba ta ci ba. Sai dai ɗaura shi yana son hannu mai natsuwa, don fuskarsa tana da saurin tsagewa idan an buga da guduma. Wanda bai taɓa yi ba, cikakken famfo ya fi masa sauƙi a injin da famfonsa ke fita ɗungurungum. A kula, wasu fankokin ana kwance su ne ta hannun dama, saɓanin sauran noti.

A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, ruwan da ka zuba shi ne rayuwar sil ɗin. Ruwan rijiya yana barin farin gishiri da tsatsa a ciki. Sayi ruwan lagireto wanda aka riga aka haɗa, ko ka gauraya mai kaurin rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, wanda ba shi da asid. Kada ka buɗe murfi inji na da zafi. Tsohon ruwan kuma ka tare shi a galan ka rufe, don guba ne mai ɗan zaƙi, awaki da yara a tsakar gida ba za su bar shi ba.