Gargaɗi kan mai tallar maganin ciwon suga da ya karɓe mini naira 85,000

Naira 85,000 wannan mutumin ya karɓa a hannuna, kuma duk da cewa kuɗin sun haura rabin albashina na wata, ba su ne suke hana ni barci ba. Abin da yake ci mini rai shi ne ni da bakina na ce wa mahaifiyata ta ajiye maganin asibiti, ita kuma ta ajiye saboda ni ne ɗanta da ya yi karatu.

Shekara 9 ke nan Hajiya tana fama da ciwon suga, tana shan metformin safe da dare, ta gaji da ƙwayoyi, ta gaji da a hana ta tuwon shinkafa da shayi mai zaƙi. A Facebook na ga bidiyon mutumin, sanye da farar rigar likitoci, da abin sauraron ƙirji rataye a wuyansa, yana rantsuwa cewa a kwana 21 maganinsa yana raba mutum da ciwon suga har abada. A ƙarƙashin bidiyon mutane sun yi ta godiya da sa albarka. Sai daga baya, bayan komai ya lalace, na koma na karanta su ɗaya bayan ɗaya, na ga kalmominsu kusan iri ɗaya ne, yawancin shafukan ma ba su da hoton kowa.

Ina so a fahimta, ban tura kuɗi ido rufe ba. Malamin makaranta ne ni, kuma na yi tambayoyi. Na nemi lambar NAFDAC, ya turo mini hoton kwalba da lamba a jiki. Na tambayi inda yake, ya faɗi unguwa har da sunan layi. Sannan ya kira ni da kansa, kuma wannan kiran ne nake ta maimaitawa a raina har yau. Bai fara da maganar kuɗi ba. Cewa ya yi: "Malam, yaya jikin Hajiyarmu? Allah ya ba ta lafiya, mahaifiyarka mahaifiyata ce." Ya tambayi shekarunta, ya tambayi ko ƙafafunta suna yi mata zafi da dare, kuma lallai suna yi. A wannan lokacin na yarda da shi, na ce a raina wanda ya san wannan ya san aikinsa, alhali kuwa zafin ƙafa abu ne da masu ciwon suga da yawa suke kuka da shi. Da ya ce "Hajiyarmu" sai na ji kamar ɗan'uwa na samu. Na tura naira 45,000 kafin in ajiye wayar.

A asibiti, ranar da muka kai Hajiya, na'urar gwajin suga ta nuna 410. Likita ta gaya mini cewa daga 126 in mutum bai karya ba ake cewa yana da ciwon, ta tambaye ni tun yaushe Hajiya ta daina shan maganinta, na kasa ɗaga kai. Amma kafin nan, tun a kwana na 6 da fara shan abin da ya aiko ta hannun direba a tasha, jarka biyu na wani ruwa mai ɗaci da ƙullin gari, ƙishirwa ta dame ta, tana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, idonta yana gani dishi-dishi. Na kira shi, ya ce in yi hamdala, ciwon ne yake fita ta fitsari, kuma in ta koma wa ƙwayar asibiti za ta karya maganin. Ya ce sai an ƙara kashi na biyu. Na sake tura naira 40,000. Alamomin hawan suga ne ƙarara a gabana, shi kuma ya sayar mini da su a matsayin alamar waraka. Naira 45,000 da naira 40,000, jimla 85,000, ban da kuɗin gado da allurar insulin na kwana 5.

Wani ɗan'uwanmu mai ilimin haɗa magunguna ya duba lambar a kundin Greenbook na NAFDAC da ke intanet, bai same ta ba. Ya kuma bayyana mini cewa ko maganin gargajiya yana da lamba ta gaskiya mai harafin L a ƙarshe, abin da take nufi shi ne an duba cewa ba ya cutarwa, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkar da cutar da mai shi yake faɗa ba. Duba lambar aikin minti biyu ne, kuma hoton lambar yana cikin wayata tun ranar farko. Unguwar da mai maganin ya faɗa kuwa na je da ƙafata, babu wanda ya san shi a layin. Tun ranar da na gaya masa muna asibiti ya toshe lambata.

Rasit ɗin kuɗin guda biyu, da saƙonnin muryarsa, da hotunan hirarmu a WhatsApp duk suna nan, zan ɗora su da zarar na gama shigar da ƙorafi a banki da wurin hukuma.

Ciwon suga lallaɓa shi ake yi da magani da kula da abinci, ba a raba mutum da shi a kwana 21. Duk wanda ya ce ku ajiye maganin da likita ya rubuta, ku kashe wayar. Ku duba lambar NAFDAC da kanku kafin ku tura ko sisi. Hajiya ta dawo gida, ta koma kan maganinta, kuma har yanzu ba ta ce mini komai ba game da naira 85,000 ɗin nan.