Ciyawar ƙofar gida a garin da ake auna ruwa: me za ka saya, me za ka ƙyale?

Duk wanda Allah Ya hore wa ya sayi gida a Las Vegas ko a kudancin Kalifoniya, da wuya bai tarar da filin ciyawa a ƙofar gidan ko a bayansa ba, da bututan ban ruwa binne a ƙasa, da wani ɗan akwati a bangon gareji mai kunna su da asuba. Daga baya kuma takardar hukumar ruwa ta iso, tana gaya masa ranakun da aka yarda ya yi ban ruwa da waɗanda ba a yarda ba. Daga nan ne ciyawa ke fara ja, 'yan talla kuma su fara ƙwanƙwasa ƙofa: wannan da ciyawar roba, wancan da sabon iri mai jure fari, wani ma da fenti. Kafin ka zaro katin banki, bari mu ɗan zauna mu duba kayan kowa.

Sai ka san dokar garinku tukuna, domin ita ce za ta yanke rabin shawarar. A kudancin Nevada, inda kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan sha ke fitowa daga kogin Kolorado ta tafkin Mead, tsarin a bayyane yake. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana ɗaya a mako. Maris da Afrilu, da kuma Satumba da Oktoba, kwana uku da aka ware wa unguwarku. Daga Mayu zuwa Agusta an sassauta ranakun, amma ba a fesa ruwa tsakanin ƙarfe 11 na safe da 7 na yamma, ranar Lahadi kuwa babu ban ruwa ko a wane wata ne. Wanda ya saɓa akwai tara, kuma tana ninkuwa idan ya maimaita. A kudancin Kalifoniya abin ya fi tsanani a 2022, lokacin da aka taƙaita wa mutane wajen miliyan shida ban ruwan waje zuwa rana ɗaya a mako daga 1 ga Yuni, birnin Los Anjelis kuma ya tsaya a kwana biyu. A watan Yulin wannan shekarar ne tafkin Mead ya sauka ƙasa fiye da kowane lokaci tun da aka cika shi a shekarun 1930. Las Vegas gari ne da ruwan saman shekara guda kimanin inci huɗu ne kacal, wato kamar milimita ɗari. Ciyawar da ke ƙofar gidanka ba 'yar gari ba ce, baƙuwa ce da ake ciyarwa da famfo.

Ga lissafin da ya kamata ya zauna maka a kai. Hukumar ruwa ta kudancin Nevada ta ce kowace ƙafa murabba'i ta ciyawa tana shan galan 73 a shekara, alhali filin da aka dasa wa tsiran hamada da ban ruwa na ɗigo galan 18 yake sha. Idan filinka ƙafa dubu ne, wanda ba wani babba ba ne, ka zuba galan dubu 73 ke nan. A ma'aunin 'yan garuwa, jarka mai lita 25 sama da dubu goma sha ɗaya, a kan abin da ba a ci, ba a kuma ba dabba. Akwai wani abu kuma da baƙo ba ya saurin ganewa: ruwan wanka da na wanki a Las Vegas ana tace shi a mayar tafkin Mead, garin ya sake ɗiban kwatankwacinsa. Wanda aka zuba wa ciyawa shi ne ya tafi ke nan. Shi ya sa hukumar ba ta cika damuwa da daɗewarka a banɗaki ba, idonta na kan ƙofar gidanka.

Zaɓi mafi arha shi ne ka bar ciyawar da ka gada, ka gyara kayan ban ruwan. A nan kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Tsofaffin kawunan feshi, masu watsa ruwa kamar hazo, suna zuba wajen inci ɗaya da rabi a awa, ƙasar hamada kuwa ba ta shanye ruwa da wannan saurin, balle inda akwai wani dandaƙaƙƙen farin dutse a ƙarƙashi mai kama da marmara. Sai ruwan ya gangara kwalta, maƙwabci ya gani, ma'aikacin hukuma ma ya gani. Kawuna masu juyawa, irin MP Rotator na kamfanin Hunter, ba sa kai rabin inci a awa, iska kuma ba ta cika kwashe ruwansu ba. Ana kwance tsohon a ɗaura sabon da hannu. Sharaɗi ɗaya ne: ka canza duk na layi guda tare, kada ka gauraya tsoho da sabo, in ba haka ba wani gefe ya yi taɓo wani ya ƙone. Kuma tun da a hankali suke zubawa, dole ka tsawaita mintunan, don haka ka duba ko garinku ya ƙayyade mintuna ne ko ranaku kawai.

Akwatin sarrafa ban ruwa mai haɗe da intanet, irin Rachio ko na Rain Bird, yana duba hasashen yanayi ya rage ruwa da kansa. Yana da amfani, amma ni a wurina na biyu ne. Bai san kan feshi ya karye ba, bai san ɗaya yana wanke bangon gida ba. In za ka saya, nemi mai tambarin WaterSense, wato shaidar cewa kayan na tattalin ruwa, ka kuma tabbata za ka iya kulle masa ranakun da aka hana, domin in ya kunna ranar Lahadi ba kamfanin za a ci tara ba. Kafin duk wannan, jera gwangwanayen kifi guda shida a filin, ka kunna ruwa minti goma, ka auna abin da kowanne ya tara. Wannan gwajin na kyauta ya fi akwatin gaya maka gaskiya. Sannan ka raba ban ruwan: da tsofaffin kawuna, minti huɗu sau uku da tazarar awa guda tsakani ya fi minti goma sha biyu a jere.

Sai batun irin ciyawar, kuma nan ne maganar take da tsawo. Yawancin tsofaffin gidaje wata ciyawa da ake kira feskiyu mai tsawo aka shuka musu, don tana zama kore har cikin hunturu. Ciyawar ƙasar sanyi ce, a watan Yuli kuwa ƙishirwarta ba ta da magani. Matsalarta babba ita ce ba ta iya dogon barci ba. Idan ruwa ya yanke mata makonni da yawa a tsakiyar zafi, sai ta mutu kashi-kashi, kuma da yake a dunƙule take tsirowa, ba ta yaɗo ta rufe gurbin. Wanda ke da ita ya ɗaga wuƙar injin aski zuwa inci uku ko fiye, ya daina zuba takin zamani a lokacin zafi, ya kuma haƙura da ɗan jan da za ta yi.

Kishiyarta ita ce wadda suke kira Bamuda, kuma in ka duƙa ka dube ta za ka yi dariya, domin kiri-kiri ce, wadda manomi ke yaƙi da ita a fadama. Halin nan nata da ke ba manomi haushi, na yaɗo ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa da ƙin mutuwa, shi ne abin da ake saya da dala. A lissafin masana na Jami'ar Kalifoniya, ciyayin ƙasar zafi irinta suna buƙatar ƙasa da na ƙasar sanyi da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne in ruwa ya yi ƙaranci sai ta bushe ta kwanta, ran da ta samu ta farfaɗo. Yara su yi ta ƙwallo a kanta, ba ruwanta. Aibinta uku ne. Da sanyi ya shigo takan koma launin kara har sai bazara, ba ta son inuwa ko kaɗan, kuma za ta kutsa cikin furannin uwargida in ba a yi mata shinge ba. Irin da aka inganta, kamar TifTuf da Jami'ar Jojiya ta fitar, ba a sayar da ƙwayarsa, shimfiɗa ake sayowa a naɗe kamar darduma, don haka ya fi tsada. Wasu kan watsa irin wata ciyawar a kanta da kaka don ta yi kore a hunturu. Wannan mayar da hannun agogo baya ne, ruwan da ka tara a bazara shi za ka zubar.

Akwai ciyawar bauna, 'yar asalin filayen tsakiyar Amurka, wadda ta fi su duka haƙuri da ƙishi, sai dai tana da jinkirin rufe ƙasa kuma ba ta son yawan tattaki. Ta dace da wurin da ake kallo kawai. Ko wacce ka zaɓa, ka tuna sabuwar shuka tana shan ruwa kullum a makonnin farko, saboda haka ka nemi izinin hukuma kafin motar kaya ta iso. A kudancin Nevada ma an hana ciyawa a ƙofar sababbin gidaje tun 2003, daga 2022 kuma aka hana har a bayan gidan.

Ciyawar roba ita ce 'yan talla suka fi ƙwazo a kanta, ita ce kuma na fi shakka. Gaskiya ne ba ta shan ruwa, ba a aske ta, kuma a hoto ba ta da makusa. Amma roba ce a rana. Da azahar a watan Yuli zafinta kan haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, yaro ba zai taka ba takalmi ba, sai ka koma kana watsa mata ruwan da ka ce za ka adana. Bayan shekara goma zuwa sha biyar ta ƙoƙe, a naɗe a kai juji, ka sake biya. Shirin tallafin cire ciyawa na babbar hukumar ruwa ta kudancin Kalifoniya ba ya biyan kuɗi a kanta, kuma wata dokar jihar da aka sa wa hannu a 2023 ta ba garuruwa damar hana ta. In wuri ne ƙarami mai inuwa, a gefen gida inda ciyawa ta ƙi, to babu laifi. Shimfiɗe dukan fili da ita kuwa, tsada ce a kan zafi.

Fenti? Ana fesa wa busasshiyar ciyawa kore, ya yi wata biyu ko uku. Na mai shirin sayar da gida ne ko mai biki. A Kalifoniya ma ba ka buƙatarsa don tsoron ƙungiyar masu gidajen unguwa, domin doka ta hana su cin tarar wanda ciyawarsa ta bushe a lokacin da aka ayyana fari.

Na bar zaɓin da na fi so a ƙarshe, wato cire ciyawar da ba a takawa. Tsaya a ƙofar gida ka tambayi kanka ina ne ake shimfiɗa tabarma da yamma, ina ne yara ke gudu. Sau da yawa bai wuce wani ɓangare na bayan gida ba. Wannan ka bar shi. Sauran, musamman siririn filin da ke bakin titi, hukuma za ta biya ka ka cire: a kudancin Nevada an daɗe ana biyan dala 3 kan kowace ƙafa murabba'i kafin a ƙara wa masu gidaje, a kudancin Kalifoniya kuma a 2022 tallafin yana farawa ne daga dala 2. Sharuɗɗan ne ya kamata ka karanta da natsuwa. Sai an amince da takardarka kafin ka taɓa ciyawar, wanda ya riga ya tuge ya yi asarar kuɗin. A Nevada dole tsiran da ka dasa su rufe rabin wurin idan sun girma, da ban ruwa na ɗigo, ba tsakuwa zalla ba, wadda ke mayar da ƙofar gida tanda. Kuma za ka sa hannu cewa wurin ba zai sake komawa ciyawa ba, ko da gidan ya canza hannu.

In akwai bishiya a tsakiyar filin da za ka cire, ka sani shekara da shekaru ruwan ciyawar take sha, saiwoyinta kuma a sama-sama suke, sun bazu har iyakar inuwarta da ma gaba. Ɗan kwangila mai gaggawa zai saka mata ɗigo biyu a gindi ya tafi, bayan shekara biyu ta fara bushewa daga sama. Ka sa a rubuta a cikin yarjejeniya cewa za a zagaya ta da layukan ɗigo har bakin inuwarta, kuma ba za a sare saiwa da injin tuge ciyawa ba. Ka ga an yi hakan da idonka kafin ka biya cikon kuɗin.