Ƙaramin santirifuj ɗin nan ya kusa ɓata min gwajin Hill

Ni dai abin ya tsaya min a rai ne shi ya sa nake rubutawa. Wata biyu kenan da na sayi ƙaramin santirifuj ɗin nan (injin da ke juya kwalabe da gudu don abu mai nauyi ya kwanta a gindi) mai cin kwalba takwas wanda masu kayan lab ke ta talla, da kuɗin aljihuna, kuma saboda gwaji ɗaya tak na saye shi, gwajin Hill da nake yi wa ɗalibaina duk shekara.

Robert Hill ne a Kambirij ta Ingila a 1937 ya nuna cewa ko an fidda kuloroplas (ƙananan korayen ƙwayoyin da ganye ke haɗa abinci da su daga haske) daga ganye, in dai haske ya same su kuma akwai abin da zai karɓi ilektiron, za su fasa ruwa su saki oksijin. Mu da wani sinadari mai suna DCPIP muke yi, shuɗi ne, in ya karɓi ilektiron sai launin ya washe. Amma duk aikin nan sanyi yake so, turmi kan ƙanƙara, ruwan suga kan ƙanƙara, kuma wallahi sai da na yi wa mai shagon wannan bayanin kafin na biya.

Ranar farko muka daka alayyahu, muka tace da ƙyalle, na sa a injin minti goma, ga zafin Afrilu, ina ciro kwalbar na ji ta da ɗumi kamar kofin shayin da aka ajiye. Kore dai ya kwanta a gindi yadda ake so, sai na ce to mu ci gaba. Muka zuba DCPIP muka kunna fitila, minti ashirin, minti arba'in, abin nan shuɗi shar kamar baban marina, yara sun zagaye benci da littattafansu a buɗe. Wata yarinya ta ce, Malam ko dai a littafi kawai yake faruwa? Maganar nan ta yi min ciwo sosai.

Da farko DCPIP ɗin na zarga, na ɗiga masa lemon tsami, ya yi ja-ja sannan ya washe, ashe lafiyarsa ƙalau. Injin ne ya dafa min kuloroplas.

Washegari na kwanar da kofunan injin a firij, na riƙa juyawa minti biyu-biyu ina mayar da kwalba kan ƙanƙara. Kai, alhamdulillahi! Muna kallo shuɗin ya riƙa bajewa har kore ya fito, kwalbar da muka naɗe da foyil don kar haske ya same ta tana nan shuɗiya, wadda muka tafasa ma haka. Yarinyar nan ita ta fara kiran sauran su zo su gani. A ranar har na ce injin ba laifi, tunda yana tara kuloroplas ɗin da kyau.

Amma da na tuna amsar mai shagon sai raina ya sake ɓaci. Na tura masa hoto a WhatsApp, sai bayan kwana uku ya ce ai na gwajin jini ne. To me ya hana ka faɗa min tun ranar? Ga murfin ba ya kullewa sosai, in kwalaben ba su yi daidai a nauyi ba har tafiya yake a kan benci sai na dafe shi da hannu. Tauraro biyu na ba shi, kuma ba zan koma shagon ba.