Kafin ka biya kuɗin kayan furojet, duba abin da kake da shi a hannu

Idan lokacin rubuta furojet ya zo, ɗalibin UNILAG a Akoka ko LASU a Ojo ko Yabatech yakan fara da shafukan da ke sayar da "babi na ɗaya zuwa na biyar" a kan 'yan dubban naira. Wannan ne zaɓi mafi muni. Rubutun da aka sayar maka an riga an sayar wa wasu, manhaja irin Turnitin tana kama kwafe, kuma sau da yawa littattafan da aka jero a ƙarshe ba su da alaƙa da abin da ke cikin babin. Ranar kare furojet tambaya ɗaya ta isa ta tona asiri.

Abin da ya fi shi nesa ba kusa ba, ka riga ka biya kuɗinsa a cikin kuɗin makaranta: sashen intanet na laburaren makarantarku. Je wurin ma'aikacin laburare da katin shaidarka, ka tambayi rumbunan mujallun da makarantar ke da izinin shiga, ka karɓi sunan shiga da kalmar sirri. Wasu ba sa buɗewa sai kana kan intanet ɗin makaranta, saboda haka wanda ke zuwa daga Agege ko Idi-Araba ya sauke duk maƙalun da yake so kafin ya hau motar gida.

Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, kyauta ne, kuma da shi ya kamata a fara nema. Dubi gefen kowane sakamako, in akwai alamar PDF to cikakkiyar maƙalar na nan. Sai dai ba ya tace gurɓatattun mujallu, waɗanda ke buga komai muddin an biya su. Don tabbatar da ingancin mujalla, nemi sunanta a DOAJ ko a Scopus, shafukan da ke jera mujallun da aka tantance. Idan bincikenka kan Najeriya ne, AJOL ya fi amfani, domin mujallun Afirka ya tara, da yawansu kyauta. JSTOR, wani rumbun mujallun, ya fi ƙarfi a tarihi da adabi da zamantakewa, kuma rajistar kyauta tana ba ka damar karanta wasu maƙalu a kowane wata.

ChatGPT da makamantansa suna taimakawa wajen fahimtar batu mai wuya, amma sukan ƙirƙiro sunan marubuci da shekara da mujallar da ba su taɓa wanzuwa ba. Duk maƙalar da suka ambata, kwafi lambarta ta DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, ka saka a doi.org. In ba ta buɗe ba, ko ta buɗe wata maƙalar daban, cire ta.

Alƙaluma kuwa a ɗauko su daga tushe: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ko Babban Bankin Najeriya. Ko a nan sai da lura. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Legas mutum kusan miliyan 9, gwamnatin jihar ta ƙi amincewa, ta ce sun haura miliyan 17. Duk wanda ka ɗauka a cikin biyun, rubuta wanda ya fitar da shi da shekarar, kuma ka adana adireshin shafin da ranar da ka duba, domin malamin da ke duba aikinka zai nema.