Lambun fulawar Nasarawa GRA: amarilis ta fidda ni kunya, tulib kuwa kuɗina ne ya tafi

Tun Nuwamba nake son rubuta wannan amma na ce bari in jira bazara ta wuce tukunna, don a Kano ba a yabon fulawa a hunturu, lokacin kowa gwani ne. Yanzu ruwa ya sauka, na ga wadda ta rayu na ga wadda ta mutu.

Wurin yana cikin masu sayar da shuke-shuken nan na bakin titi ta wajen Nasarawa GRA. Ba zan kama suna ba don akwai ƙorafi a maganata kuma dattijon da ke da wurin mutumin kirki ne. Ranar da na fara zuwa ma ba ya nan, yaronsa na tarar. Ni na je ne kawai in sayi tukwane biyu da ƙasa, sai yaron nan ya shiga ɗan rumfarsu ya fito da wasu fakitoci masu hoto, tulib ja da ruwan ɗorawa, dafodil, da wata shuɗiya mai kyau wai ita airis, ya ce "Hajiya daga waje aka kawo su, sanyi suke so, yanzu ne ma lokacinsu." Ni kuma ido ya riga ya gani. Na kwashi tulib fakiti biyu, dafodil ɗaya, saiwar airis guda uku masu kama da ɗanyar citta, sai wasu manyan albasar amarilis guda uku da ya ce dubu huɗu-huɗu, na yi ta ciniki ko sisi bai rage ba.

Maganar sanyin nan ba ƙarya ya yi ba, rabin gaskiya ya faɗa. Sanyin da tulib take so ba irin namu ba ne. Sai ta yi sati 12 zuwa 16 a sanyin da bai wuce digiri 9 ba kafin furen da ke cikinta ya shirya fitowa, shi ya sa a Holan suke binne ta a Oktoba ko Nuwamba ta kwana cikin ƙasa mai ƙanƙara sai Afrilu ta buɗe. Mu kuwa ranar da muka ce sanyi zai kashe mu a Janairu, an sa safa an kunna gawayi yara sun ƙi wanka, da ƙyar yake sauka 12 ko 13 da asuba, kafin azahar kuma rana ta mayar da shi kusan 30. Kuma a jikin fakitin ƙiri-ƙiri an rubuta tana fure a Afrilu. Afrilun Kano fa! Lokacin da ko takalmi ka bari a tsakar gida ba ya sakuwa.

Wanda na shuka kai tsaye ya fito da ganye ɗan guntu kamar yatsa, ya tsaya nan, ƙarshen Fabrairu ya bushe. Sauran na sa a firij kamar yadda wata ƙawata ta ce, har da gargaɗin kar in haɗa su da tuffa ko ayaba don iskar da suke fitarwa tana kashe furen tun yana ciki. Toh firij ɗin da wuta take zuwa ta tafi yadda ta ga dama, yau sanyi gobe gumi, sati huɗu suka yi fumfuna. Abin da ya fi tayar min da hankali ma, wata rana na shigo kicin na tarar da ƙanwar maigidana ta ɗauko dafodil ɗin ta ɗora a faranti da wuƙa a hannu wai albasa ta ƙare za ta yi miya. Wallahi sai da ƙafata ta yi sanyi, abin nan guba ne, amarilis ma haka. Dan Allah mai yara a gida ta ɓoye su nesa da kicin, kuma wannan ya kamata a ce mai sayarwa ne ya fara faɗa min.

Airis ɗin dai laifina ne. Na binne ta can ƙasa kamar dankali ina ta ɗura mata ruwa safe da yamma, kwana goma na tona na ji wari, ta zama kamar dafaffiya.

Na koma da fushina ranar wata Asabar, na ci sa'a Baba yana nan. Ya saurare ni tsaf, ya kira yaron ya yi masa faɗa a gabana, ya ce shi ma saƙo aka ba shi ya kawo wa wasu masu kai su Jos da Mambila, ba don tsakar gidan Kano ba. Kuɗi dai bai mayar ba, kuma gaskiya wannan ya tsaya min a rai. Amma ya durƙusa ya ɗauko wata saiwar ya kwantar da ita a kan ƙasa ya rufe jijiyoyin kawai ya bar bayanta a waje, ya ce "'yata, wannan bayanta rana yake so, ruwa kuma sai ƙasar ta bushe." Sannan ya ce in ina son airis da gaske in bar ta Turai in ɗauki ta Afirka ta Kudu, mai dogon ganye kamar takobi. Ya ba ni tushe biyu a leda, ya ƙara min da albasar kwaɗi ɗaya gyara, da wasu ƙanana da ya ce sai ruwan farko ya taɓa su za su nuna kansu.

Amarilis kuwa masha Allah. Ita asalinta Kudancin Amurka ne, babu ruwanta da ƙanƙara. Na sa kowacce a ƙaramar tukunya na bar kashi ɗaya cikin uku na kanta a waje, sati bakwai sai ga kara ya miƙe da kauri kamar rake, fure huɗu a kai kowanne ya kai tafin hannuna, ja wur a tsakiyar hazon Janairu da komai ya yi fari fat da ƙura. Kullum da safe sai na goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Maƙociyata har hoto ta zo ta ɗauka ta sa a WhatsApp, mutane suna tambaya wai ta roba ce.

Ƙasarsu ma zan yaba, baƙar ƙasa da yashi da takin shanu da ya ruɓe sosai, ba ta riƙe ruwa, ban ga gara ba, ciyawa ce dai ta ɗan fito. Ɗan adaidaitan da suka haɗa ni da shi ya fasa min tukunya ɗaya a hanyar Hotoro, washegari suka aiko da wata ba tare da na yi magana biyu ba.

Maris da Afrilu na kwashe komai na mayar gindin darbejiya, ban ruwa sai bayan magariba, da jarkar 'yan garuwa kuwa, maigida yana ta mita wai fulawa ta fi shi shan ruwa. Airis ɗin Baba bakin ganyenta ya ƙone amma ta tsaya, yanzu tana fidda farin fure mai ɗigon rawaya da shuɗi-shuɗi a tsakiya, ba ya daɗewa yake zubewa wani ya fito. Ƙananan nan kuma da na riga na cire rai har na ɗora bokiti a kan tukunyar, kwana huɗu da ruwan farko na ɗaga na gan su sun buɗe ruwan hoda.

Zan koma a Oktoba in Allah ya kai mu, amarilis fara nake so guda biyu, kuma sai na kira na tabbatar Baba yana wurin kafin in fito.