Albam, laminatin ko ambulan: me za ka saya wa tsofaffin hotunan gida?

Hoton auren iyayenmu na 1978 a cikin albam ya lalace, irin mai gam a shafi da leda a sama. Gam ɗin ya koma ruwan ƙasa ya kama bayan hoton, da na zo ɓamɓarowa sai gefen da Hajiya take ya yage. Har yau abin yana min ciwo.

Don haka in ka shiga Kasuwar Gumi ta Kaduna ka ga irinsa, wuce, komai arharsa. Haka laminatin. Masu shagon kwamfuta za su ce yana kare hoto daga ruwa, kuma gaskiya ne, amma zafin injin yana manne leda da fuskar hoton har abada. Ranar da ya fara dusashewa ba mai iya ciro shi.

Albam mai aljihu ya fi, sai dai leda suna ta tara. Shinshina ta tukuna. In tana warin sabon takalmin roba, nau'in ledar da ake kira PVC ce, da daɗewa takan yi danƙo ta kama hoto. Nemi wadda aka rubuta PP a jikinta, wato nau'in ledar da ba ta cutar da hoto, in da alamar PAT, gwajin da ke nuna abu ba zai lalata hoto ba, ma ya fi.

Ni dai a Kaduna ambulan na takarda marar asid nake saya, kuma damina ce dalili. In danshin ɗaki ya haura kashi 65 cikin 100, kamar yadda yake yi a watan Agusta, funfuna takan kama, fuskar hoto ta yi laushi, ita kuwa leda sai ta riƙe laimar a ciki. Takarda tana barin iska ta ratsa. Matsalarta gara da kyankyaso, shi ya sa nake haɗawa da akwati mai murfi, in jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ɗora akwatin a kan kantar ajiye kaya, nesa da bango da zafin rufin kwano.

Nagetif kuwa, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga gare shi, ambulan ɗinsa daban. Wanda ka ji yana tsami kamar khal, wato binega, ya fara ruɓewa, kuma tururinsa yana shafar na kusa da shi. Ware shi, ka kai a yi masa sikanin tun bai kanannaɗe ba.