Proud ko arrogant: wanne ɗan ƙasar Cek zai ɗauka?

Harshen Cek ya raba abin da Turanci ke kira pride gida biyu: hrdost alfahari ne na kirki, pýcha kuwa girman kai, wanda Kiristoci ke lissafawa cikin manyan zunubai 7. Turanci ya haɗa su duka a cikin pride, shi ya sa ɗalibin Cek kan tsaya yana ɗari-ɗari.

Proud tana cin tudu biyu. Uwa za ta faɗa wa ɗanta ita ranar da ya gama makaranta, yabo ne. A ce mutum ya cika proud har ba ya iya neman taimako, ta koma zargi, amma mai sauƙi. Arrogant ba ta da fuska biyu, duk wanda aka jefa da ita an ce yana raina mutane. Cek ɗin ma tana da arogantní, saboda haka ba ta ba 'yan Cek wahala.

A ganina wanda ke nufin hrdý, wato mai hrdost, ya riƙe proud. Pyšný, wato mai pýcha, ita ce mai rikici, domin 'yan Cek sukan yabi 'ya'yansu ma da ita. Sai an duba: in akwai raini a maganar, arrogant ta fi dacewa.